Masu Tura Motar Baba

Sau ɗaya ta murɗa makulli, motar ta tashi. Bakanike ya cika alkawari: ya sa sabon inji da sabon burki, amma bai taɓa koren fentin ba, har lotsawar da marigayi babanta ya bari a ƙofa tana nan.

Sai ta hango abokan baban a madubi, tela da mai aski, sun naɗe hannun riga kamar kowace safiya. Tun tana goye suke tura motar nan, suna yi mata tsiya suna dariya. Yau ga su tsaye cirko-cirko.

Ta faki ido ta kashe injin, ta leƙo.

"Baba, ta mutu fa! Ku taimaka."

"Ai na faɗa!" in ji mai aski, baki har kunne. "Wa ya san halinta in ba mu ba?"

Suka tura suna nishi, ta tayar. Tela ya matso taga yana haki, ya rage murya.

"'Yata, gobe ki kashe ta tun ba mu fito ba. Saura kaɗan mai aski ya gano ki."