Yatsun Mai Lalle

Da ledar lalle ta sake suɓucewa daga hannun 'yarta, sai matar ta saci kallon tsohuwar da take yi wa aiki. Shekara shida ke nan tana jinyar wannan tsohuwa 'yar Pakistan a unguwar Safa, tana shafa man kaɗanya a yatsunta da amosanin gaɓɓai ya karkatar. Ba ta taɓa gaya mata cewa marigayin ɗan tsohuwar ya aure ta a ɓoye a unguwar Karantina ba. Ranar da tsohuwar ta sani, aiki da makwanci sun tafi.

Tsohuwar ta kamo hannun budurwar, ta latsa gaɓɓan da suka kumbura.

"Suna ƙagewa da safe?"

"Sosai, Hajiya. Likita ya ce yakan bi jini, amma Umma ta ce babu mai shi a danginmu."

"Ni ma ina kamarki ya fara. Haka uwata, a Lahore."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar. Uwar ta sunkuya, tana jiran a ce ta haɗa kayanta.

Sai tsohuwar ta turo wa uwar kwalbar man. "Yalla, karɓi. Daga yau da jikata za ki riƙa farawa."