Tururuwar Saman Ɓaure

"Baba, daga yau ko tururuwa ɗaya ba za ta ƙara hawa ɓauren nan ba," in ji 'yarsa. Ta ɗaure ƙyalle a jikin bishiyar, ta shafe shi da baƙin mai.

Tsohon ya gyara zama. Tun ranar da ya faɗi a bakin titi aka kawo shi gida a sume, ba ta ƙara barinsa ya taka waje ba.

"To ni fa, uwata? Bar min makullin mana. Wajen mai aski kawai zan je mu taɓa hira."

"Mai askin zai zo har gida. Don lafiyarka nake yi, Baba."

Ta wanke hannu ta tafi aiki. Ya ji ƙarar kwaɗon ƙofa, ta kulle daga waje.

Ya dogara sandarsa ya je duba aikin nata. Ba laifi, yarinyar ta iya ɗauri: tururuwar ƙasa na isowa sai ta ji mai, ta juya. Amma ba wanda ya tuna da waɗanda ke sama tun kafin a ɗaura. Ga su sun sauko da abinci a baki, suna ta zagaye bishiyar a bakin ƙyallen, suna dawowa inda suka fara.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya zaro tsinken tsintsiya ya gitta a kan man, ya riƙe shi har ta ƙarshensu ta haye.