Shaidu Biyu

Injiniya na tsakiyar kwance wata firinta a shagonsa saƙon wata mata ya shigo. Ya karanta sau biyu, ya ajiye sukudireba.

Ta ce ita mai ƙaramar maɗaba'a ce. Injin da ke yanka mata takarda, wata tsohuwar kwamfuta ce ke tafiyar da shi, irin wadda aka daina ƙerawa shekara ashirin da suka wuce. Jiya ta ɗora sabon zubin manhaja, kwamfutar ta ƙi tashi. Ga littattafan makaranta jibge, ranar Litinin za a zo ɗauka, ga ma'aikata tara zaune suna kallon juna. "Na ga mutum biyu sun shaida cewa sun gwada, shi ya sa ban yi fargaba ba," in ji ta. Ko baƙar magana ɗaya babu a saƙon, kuma wannan ya fi ƙona masa rai.

Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta 'yan sa-kai ce, babu mai biyan kowa. Kowace irin na'ura tana da masu kula da ita, kuma doka ɗaya ce ba a ɗaga ƙafa a kanta: kafin a saki sabon zubi, sai mutum biyu sun ɗora shi a kan na'urar gaske, kowa a wajensa, sun rubuta a zauren intanet cewa ya tashi. In ba a samu biyu ba, a cire na'urar daga jeri, shi ke nan an binne ta. Wannan tsohuwar kwamfutar kuwa mutum biyu kacal suka rage mata a duniya, Injiniya da wani da kowa ke kira Dattijo.

Abin da Injiniya bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tasa kwamfutar ta ƙone wata goma sha huɗu da suka wuce. Ya nemi kayan gyara har ya gaji. Yanzu tana kusurwar falo, matarsa ta lulluɓe ta da tsohon zane ta ɗora kwandon ɗinki a kai, tana tsokanarsa wai sai yanzu abin ya yi amfani.

Ya yi niyyar faɗa, Allah ya sani. Amma faɗar na nufin a binne aikin shekara tara. Sai ya samo wata dabara mai sauƙi: ya jira Dattijo ya rubuta, shi kuma ya biyo baya da "Nan ma ya tashi." Dattijo ai ba mutumin da ake shakka ba ne. Shi ya fara aikin tun Injiniya na makaranta. Ɗora manhajar kan ci wa Injiniya awa biyar, amma Dattijo kafin awa ɗaya ya gama, ya rubuta layinsa guda, ba ƙari ba ragi: "Na gwada, lafiya lau." An daɗe rabon da ya kawo ƙorafi. Injiniya kan ce a ransa gwani ke nan, na'ura ma tana jin kunyarsa.

Zubi huɗu ya wuce a haka. Kowane ɗaya sai ya danna saƙon ya yi saurin kife wayar, kamar wanda ya ɗauki abin wani.

Yanzu ga ƙarya ta kai ƙofar baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Kuma ba zai iya gano matsalar ba sai da na'ura mai rai a gabansa. Ta matar tana wata ƙasa. Ta Dattijo kuwa tafiyar awa uku ce a mota.

Ya rufe shago da rana tsaka. Duk hanya yana tsara yadda zai buɗe baki, ya gina ya rushe. Abu ɗaya ya ɗaure masa kai: yaya aka yi matsala irin wannan ta wuce Dattijo? Ya yanke cewa wataƙila tasa ƙirar wata shekara ce daban.

Dattijo da kansa ya buɗe ƙofa, siriri, da tabarau rataye a wuya. Shekara tara suna rubuta wa juna, yau suka fara haɗuwa. Ya riƙe hannun Injiniya da hannu biyu, ya yi ta sa masa albarka, yana cewa ba don shi ba da aikin nan ya daɗe da mutuwa. Kowace kalma sai Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Bai iya ko taɓa ruwan da aka kawo masa ba. Ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, tun daga ƙaurin da ya ji ranar da ta ƙone har zuwa saƙon matar.

"Baba, na ci amanarka, na ci ta mutane. Kai kana wahalar gwaji, ni ina fakewa a bayanka. Ka yafe mini, ka ara mini taka kwana biyu in gyara ɓarnar da na yi."

Injiniya ya jira faɗa, har ma ya so a yi masa, ko ya ji sauƙi. Da ya ɗaga kai, sai ya ga tsohon ma ƙasa yake kallo.

"Ɗana," ya ce da ƙyar, "tawa shekara uku ke nan da mutuwa. Ina riga ka rubutawa ne don na san in da matsala, kai za ka kama."