Hajiyar Takunkumi

A sati na uku da kulle Kano saboda korona, Malam Rabi'u tela ya shafa wa kekensa mai, ya lulluɓe shi da tsohon zane. Shekara talatin yana ɗinkin manyan riguna a Gyaɗi-Gyaɗi, yau ko maɓalli babu mai kawowa. Ya ƙudura a ransa, in wata ya ƙare a haka, zai sayar da keken ya rufe shagon.

Sai ga Faruk mai adaidaita sahu, wanda ke jigilar ma'aikatan asibiti, da buhun yankakken yadi.

"Baba, wata Hajiya ce ke neman mai haɗa mata takunkumin fuska. Ita ta yanka, kai ka ɗinka."

"Ni? Da girmana, ɗinkin marufin hanci?"

Ya dai karɓa, ya turo ƙofa, ya yaye zanen.

Hajiyar ba ta da sauƙi. Kalmasa ta ɗan karkace, sai ta dawo da kaya. Ta aiko cewa igiyar kunne ta yi gajarta. Ta aiko cewa ya daina aiki ba tabarau. Kullum da yamma sai ya koma gida Unguwar Gano, ya zauna gaban tuwo, ya kai ƙararta wurin matarsa Uwani.

"Wannan mata! Allah ya ba mijinta haƙuri."

"Amin, Malam," in ji Uwani, ta ƙara masa miya.

Amma aikin ya yi albarka. Nas-nas suka saya, direbobi suka saya, har masallatai suka aiko. Keke bai sake kwana a lulluɓe ba.

Da aka sassauta kulle, Malam Rabi'u ya ga bai kamata a ci arzikin mutum ba godiya ba. Ya sayi turmin atamfa, ya sa babbar riga, ya ce Faruk ya kai shi. Suka zaga Tarauni, shi kuwa kansa a sunkuye, yana ta bitar kalaman da zai gaishe ta da su.

"Mun iso, Baba."

Ya sauko, ya gyara hula, ya ɗaga kai. Ƙofar gidansa ce. Uwani na tsaye a zaure da almakashi a hannu.

"Sannu da zuwa, Malam. Atamfar na karɓa, amma takunkumi ashirin ɗin jiya sai ka sake su."