Haƙori a Cikin Romo

Hure ta zauna a kan kujerar ƙarfe a Gidan Sinuwa, da haƙorin kare ƙulle a bakin zanenta. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa zama an kawo mata abinci a tebur ba, yau ɗin ma ba yunwa ce ta kawo ta ba.

Shekara goma sha ɗaya tana tuƙa tuwo a tashar Dogon Dutsi. Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Damagaram, a gaban tukunyarta take tsayawa. Direbobi, ma'aikatan sabuwar gwamnati, har Nasara masu zuwa ɗaukar hoton dutse, kowa ya san miyar kukar Hure. Sai bara, shekara uku da samun mulkin kai, aka shafa wa wani shago farar ƙasa a tsallaken hanya, aka rataya jar fitilar takarda, wai Sinuwa, mutumin ƙasar Sin, ya buɗe gidan abinci. Nasara suka fara ƙetarawa, ma'aikata suka bi su, yanzu har direbobi, marasa kunya, suna wuce ta suna sakace. Jiya awaki ne suka cinye rabin tuwonta, ga 'ya'ya huɗu da take ci da su da wannan tukunyar.

Shi Sinuwan ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Ta bayan labule yake miƙo kwano, Inusa mai raba abinci ya karɓa. In ka tambaya, sai Inusa ya ce mutumin ba ya jin Hausa, kuma ba ya son ido.

Ta kai kukanta gida. Mijinta Tukur tsohon soja ne, shekara bakwai ya yi a Indoshin, can maƙwabtan ƙasar Sin, ya dawo da lambar girma da shirun tsiya, kullum yana garka wajen noman lambu daga asuba har almuru.

"Ƙaton namiji da ludayi a hannu!" in ji ta. "Su garinsu babu mata? Wallahi da ɗan Arewa ne, da ya gama zubar da girman zuri'arsu."

Tukur ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa, ya ce arziki na Allah ne, ta bar bawan Allah ya nemi nasa. Wannan magana ta fi ta Sinuwan ƙona mata rai. Ta je wurin Maikano mahauci ta tambaye shi wane irin nama ake kaiwa can, ya yi dariya ya ce ta je ta ji da tuwonta. To, tunda kowa ya zama ɗan kallo, ita ta san abin yi. Mushen kare ba ya wuyar samu a bayan kasuwa.

Yau gidan cike yake maƙil. Nasara bakwai masu jajayen wuya sun haɗa tebur biyu suna ta surutu, ga ma'aikata can suna kakkarya harshe da Faransanci. Da Inusa ya gan ta sai ya ƙaraso.

"Hure, ke ce yau?"

"A'a, fatalwata ce. Kawo min abin da kuke ba mutane suna haukacewa."

Ya shige bayan labule.

Kwano ya iso yana tururi: romo, siririyar taliya, kabeji, da tsinke biyu a gefe. Ta ture tsinken, ita ba saƙa ta zo yi ba, ta nemi cokali. Abin haushi, kwanonta ya fi na Nasaran nama, kuma duk tsoka. Wato Sinuwan ya san ko ita wace ce, zai toshe mata baki da nama? Raini!

Ta kurɓa sau ɗaya don kada a ce ba ta ci ba. Subhanallahi! Citta da tafarnuwa suka ratsa ta har tsakar ka, kafin ta ankara ta kai rabin kwano. Daɗin nan shi ya ƙarasa tunzura ta. Da abincin banza ne, da ta zuba ido ya mutu da kansa, amma wannan ba zai bar mata ko direba ɗaya ba.

Ta kwance bakin zane, ta saki haƙorin a romo, ta ɗebo shi a cokali, ta kurma ihu.

"Jama'a, kare! Kare ake ba mu!"

Wata Banasariya ta toshe baki ta yi waje. Wani ma'aikaci ya shiga kakarin amai a ƙarƙashin tebur. Hure ta fito bakin hanya tana ɗaga haƙorin sama, tana rantsuwa da kabarin ubanta. Nan take tasha ta taso, direbobin da suka yi wata da watanni suna ci a nan su ne a gaba, da sanduna da ƙarfen taya.

Inusa ya tare ƙofar kicin. "Hure, don girman Allah ki tsai da su, ba ki san..." Wani ya make shi gefe.

Ta tsaya a waje, hannu a ƙugu. Tana jin tukwane na fashewa a cikin duhu da hayaƙi, wani na cewa a kifa masa buhun fulawa a ka kada ya gudu, sai duka ya fara sauka tim, tim. Mutumin bai yi ihu ba, bai roƙi kowa ba, ko da yaren garinsu.

"Ku ƙara mishi!" in ji Hure. "Ku fiddo shi in ga idon da ya ci amanar Musulmi!"

Jandarma biyu suka iso, suka kutsa da kulake, suka fito da shi suna ja ta hammata. Fulawa ta baɗe shi fari fat, hannu ɗaya na lilo a karye, jini na ɗiga ta ƙarƙashin buhun. Suka zube shi a gabanta, suka ce ita ce mai ƙara, ta duba ta shaida.

Hure ta yi taku biyu ta fizge buhun, Tukur ya ɗago kumburarren ido ya dube ta.