Makunnin Tankin Gobara

Tun shekarar da sanyi ya sauko Funtuwa har ruwa ya fara daskarewa a randa, doka ta ce kowane tankin kashe gobara sai an sa masa hita mai ɗumama ruwan don kada ya daskare. Makunninta kuma ba mai taɓawa sai mai gyara.

Malam Barau, sabon mai gadin ma'ajiyar auduga, bai san dokar ba, amma ya iya karatu. Ranar da ya kama aiki ya ga jan rubutu a saman makunnin hitar tankin ma'ajiyar: DON KASHE WUTA. Shi kuwa ya tashi a gidan da ba a barin ko ƙwan lantarki a kunne a banza. Ya ja makunnin ƙasa, ya koma bencinsa.

Bayan kwana tara, da hantsi, Tasalla mai duba tankuna ta zo. Ta ƙwanƙwasa tankin da sifana, sai ya amsa kamar dutse.

"Baba, wa ya taɓa makunnin nan?"

"Ni ne, 'yata. Ai rubutun ne ya ce a kashe wuta."

"Gobara ake nufi, Baba! Ruwan ya zama ƙanƙara. Ko na kunna yanzu, sai jibi zai narke."

Barau ya waiga ya dubi ma'ajiyar. Auduga har rufi, mata arba'in suna tsinta a ciki. Ɗazu da safe suka roƙe shi saboda sanyi, ya tausaya musu, ya bar kowacce ta shiga da kaskonta na garwashi.