Motar Tsofaffi

Ranar Asabar, tara ga watan uku, ranar zaɓen 'yan majalisar jiha, aka zubar wa Malam Jan Biro mutuncin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tarawa.

Tun yana koyarwa har ya yi ritaya, zaɓe bai taɓa wuce shi ba. Kowa ya san tsofaffin unguwar ne ke cika layi, matasa na can suna latsa waya, kuma inda Malam ya nuna nan tsofaffi ke dangwalawa. Bana ya nuna tsohon ɗan majalisa. 'Yar takarar da matasa ke yi wa ihu kuwa, ya ce ko monitan aji ba zai ba ta ba, don ba ta jin gyara.

An mayar da rumfar zaɓe nesa da unguwa. Da safe sai ga doguwar mota a ƙofar gidansa, direban ya ce wani mai neman lada ne ya aiko ta don masu ciwon gwiwa. Malam da kansa ya bi gida-gida ya tattaro su, maza da mata, har da masu dogara sanda. A kujerar gaba an ajiye masa matashin jingina saboda ƙugunsa. Aka raba shayi, nasa daban, babu sukari. Ya ce har yanzu da sauran masu tarbiyya a duniya.

Direba ya saki babban titi, wai cunkoso. A bayan gari mota ta yi tari ta mutu. Ya shige ƙarƙashinta yana ƙwanƙwasa ƙarfe, rana ta take, tsofaffi suka yi ta zufa. Motar ba ta warke ba sai da aka rufe rumfa.

Washegari rediyo ya yi ta nanatawa: matasa sun fito, mata sun fito, tsofaffi sun yi kwance a gida. 'Yar takarar ta haye da ƙyar. Tsohon tela, amininsa, ya tambaye shi a gaban jama'a nawa aka ba shi ya sayar da su. Kafin mako ya zagayo an ɗauke bencin hira daga ƙofar gidansa.

Malam ya bi gareji-gareji har ya samo direban. Bai ɗaga murya ba. Ya kafa masa idon nan da ya saba kafa wa masu satar amsa, har mutumin ya faɗi wadda ta ɗauki hayarsa.

Ya goge takalmi, ya nufi ofishin sabuwar 'yar majalisa. Masu gadi suka miƙe. Sakatariya ta durƙusa tana gaisuwa, ya wuce ta, ya tura ƙofa ba sallama.

'Yar majalisa ta tashi ta ja masa kujera, ya ƙi zama. Ba ta musa cewa ita ta aika motar ba. Ta ce siyasa lissafi ce: tsofaffi ne ke fitowa, kuma ta san ba ita za su zaɓa ba. Ai babu wanda ya ji ciwo. In haƙuri yake so, ga shi tana ba shi nan, tsakaninsu, a rufa wa juna asiri.

"A ɗaki aka kira ni maci amana?" in ji Malam. "A rediyo aka ce mun kwanta, a titi aka ce na sayar da mutane. Can za ki je. Ki faɗi wanda ya aiko motar, ki nemi gafarar tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, da bakinki, duniya na ji."

Ta ce in ta yi haka kujerar ta tafi.

Ya juya, ya kama marfin ƙofa.

"To ki zaɓa, tunda kin iya zaɓe. Ko ki yi wannan kafin Juma'a, ko ni in shiga rediyon in gaya wa duniya cewa ni na haife ki, kuma na sallama ki."